Yadda Na Tuƙa Direba Har Bakin Teku

Shekara ashirin da shida ina ɗaura wa mutum guzurin Kwatano, ni kuwa ruwa mafi girma da na taɓa gani a duniya shi ne dam ɗinmu na Jibiya. Maigidana direban babbar mota ne. Yakan yi lodi ya fita ta Magama, ya ratsa Maraɗi da Ƙonni da Doso, ya haye gadar Gaya, daga nan sai ya miƙa har bakin teku. In ya dawo ya zo mini da garin rogo da man ja da labari. Na sha labarin teku har na haddace shi. Ban taɓa cewa a kai ni ba, don a lokacin ban ma san ana cewa ba.

Daminar da ya ajiye mota, ya gaya wa mutane ciwon baya ne. Kowa ya yarda, domin babu tsohon direban da ba ya kuka da baya, kuma ciwo ne da ba ya rage wa namiji komai a idon mutane. Gaskiyar maganar daga ni sai likitan ido a Katsina. Hawan jinin ido ne ya kama shi. Abin da ke gabansa sak yana gani, kamar mai leƙe ta cikin bututu, amma gefe da ƙasa babu. Zai hango fuskarka daga nesa ya gaishe ka da sunanka, ga turmi a gaban ƙafarsa sai ya yi karo da shi. Likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, sai dai a riƙa ɗiga magani a riƙe sauran.

A hanyar dawowa daga asibiti ya sa na yi masa alkawari. Ko 'ya'yanmu da ke gidajen aurensu ya ce kar su ji.

"Ranar da aka ce mani makaho garin nan," in ji shi, "ba ni ƙara taka ƙohwar gida. Kin ji na hwaɗa maki."

Abin haushin shi ne, tun ba a ce masa ba ya daina takawa. Daga ɗaki sai masallacin da ke jikin katangarmu, wanda ƙafarsa ta san hanya. Mutumin da ko hutu yake yi ba ya wuni a gida, kullum yana rumfar direbobi a tasha ana musu da shan shayi, shi ne ya koma zaman zaure da rediyo. Abokansa su aiko, ya ce baya ya tashi. Wata bakwai muna haka. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, tuwo sai ya taɓa ya ture. Na tsorata ƙwarai, don na ga zaman nan zai gama da shi tun kafin ciwon ya gama da idon.

Ni kuma Allah bai yi ni da iya lallashi ba. In abu ya dame ni, faɗa nake yi. Wata safiya na dire masa koko na ce:

"Malam, ni hwa an cuce ni. Shekara nawa ina yi maka dambun nama kana tahiya kana ganin duniya? To yanzu ba lodi, ba mai mota da ke jiranka. Ka kai ni in ga tekun nan da ka ishe ni da labarinshi."

Ya ce, "Ke, hanyar nan akwai inda ba a san ni ba? Duwan masu kwastan, jandarma, masu shayi, kowa ya san ni. So kike in je in riƙa cin karo da benci gaban mutane? Ko da sanda za ki ja ni?"

Nan ne gizo ke saƙar, kuma na sani. A wajenmu mace ba ta jerawa da mijinta a hanya. Shi yana gaba, ita tana baya da taku uku ko huɗu, kamar ba tare suke ba. Riƙe hannu kuwa sai dai a talabijin. Duk wanda ya ga mace riƙe da hannun mijinta a titin Jibiya, ba sai an gaya masa ba, ya san mijin ba ya gani.

Dabarar a bakin kasuwar hatsi na tsinto ta. Na tsaya wata tirela tana ja da baya cikin lungu, direban ba ya ganin komai na bayansa, sai bugun da yaron mota ke yi a jikin bodi. Bugu biyu ya taho, bugu ɗaya ya taka birki. Na dawo gida ko mayafi ban cire ba na ce masa, "Shekara talatin kana baya da mota da kunne, ba da ido ba, kuma ba ka taɓa jin kunya ba. Mi ya hana yanzu?"

Ina da wata 'yar langa ta zuba abinci mai murfi, ina da zoben azurfa a yatsa. Muka tsara. In na ƙwanƙwasa sau biyu, hanya lafiya, ya tafi. Sau ɗaya, ya tsaya cak. In na ja zoben a kan murfin ya yi ƙara, akwai tudu, ya ɗaga ƙafa. In ina so ya karkata, sai in koma wancan ɓangaren a bayansa in ƙwanƙwasa, ya bi inda ƙarar ta fito. Wa zai kula da mace tana bin bayan mijinta da kwanon abinci tana wasa da zobe?

Mako guda muka yi muna gwaji a tsakar gida, ƙofa a rufe. Na jera turmi da bokiti da kujera 'yar tsuguno. Ranar farko ya yi fatali da bokitin ruwa, ya juyo yana huci wai ni ce na makara. Na ce shi ne bai saurara ba, dama can ba ya jin maganar mace. Ya ce yaron mota ba ya gardama da direba. Na ce to ya je tasha ya ɗauko yaron mota. Muka yi fushi har azahar, bayan la'asar shi da kansa ya ce, "Ina kwanon?" A rana ta biyar ya zagaye tsakar gidan sau uku bai taɓa ko tsinke ba, na ga ya yi murmushin da na yi wata bakwai ban gani ba.

Sai kuma maganar mutane. A garinmu ba a tafiya haka kawai. Ko biki, ko ta'aziyya, ko asibiti, ko fatauci. Maƙwabciyata ta ga ina wanke jaka ta ce, "Lahiya? Wa ya rasu?" Na ce ba kowa, shan iska za mu je. Ta riƙe haɓa ta ce, "Iskar Jibiya ta ƙare ne?" Kafin magariba unguwa ta ɗauka cewa mun tsufa mun koma yawon amarci. Ban musa wa kowa ba, don wannan zancen ya fi mini wancan sauƙi.

A lokacin iyaka a buɗe take, motoci na kaiwa da komowa. Jarrabawar farko a Magama muka yi ta. Muna sauka don a duba takardu, sai ga gaisuwa ta ko'ina, wannan ya kira shi, wancan ya ɗago masa hannu. Ga babura suna giftawa, ga buhuna a zube, ga dakalin ofis mai hawa biyu. Na ƙanƙame langa. Shi kuwa ya gyara hula, ya ɗaga kai, ya taka kamar mai zuwa karɓar sarauta. Na ja zobe, ya ɗaga ƙafa. Na sake ja, ya sake ɗagawa. Wani ma'aikaci ya ce masa, "Alhaji, ashe bayan ya yi sauƙi?" Ya ce, "Alhamdu lillahi, an samu magani." Ni da na san maganin ina tsaye a baya ina kallon ƙasa.

A Maraɗi muka shiga babbar bas, wadda su can suke ce wa kar. Ya zauna bakin taga, ni a gefensa, karo na farko tun aurenmu da muka zauna kujera ɗaya a mota. Bai bar direban ya huta ba. Can ƙasa-ƙasa yana ta mita, wai ya sa giya da wuri, wai bai san ramin da ke gaban Dogon Dutsi ba. Kafin mu iso kowane gari sai ya faɗa mini sunansa da abin da ake ci a tasharsa, kuma bai kuskure ko ɗaya ba.

Gaya muka fara yada zango, don in ga kogin Kwara. Da hantsi muka gangara bakin ruwa. Ni da na saba da gulbinmu, wanda rabin shekara yashi ne zalla yara na ƙwallo a ciki, sai ga ruwa shimfiɗe yana tafiya a natse, jiragen kwalekwale ɗauke da albasa da babura har da raguna. Na ce sai na shiga. Ya ce ba ni da hankali. Na ce ai da kuɗin mota na zo da rashin hankalin nawa, ba zan koma da shi ban yi amfani da shi ba. Katako ɗaya ne siriri daga gaɓa zuwa jirgin. Na matso bayansa har ina jin ƙamshin turarensa, na ƙwanƙwasa a hankali, taku ɗaya, taku ɗaya, har ya zauna. Mai jirgin ma cewa ya yi, "Baba ya saba shiga ruwa."

A tsakiyar kogi na ga yadda yake kallo. Yana juya kai sannu a hankali daga wannan gaɓa zuwa waccan, yana ɗibar kogin kaɗan-kaɗan. Ya nuna mini gadar daga ƙasa ya ce ya haye ta ba adadi, amma bai taɓa sanin ƙafafunta nawa ba. Muka ƙirga tare. Da muka fito muka sayi soyayyen kifi da yaji, na buɗe langar na zuba, muka sa hannu kwano ɗaya a gindin bishiya, mutane na wucewa. Ya cinye nasa ya ɗauki rabin nawa, na bar masa.

Zango na biyu Dasa ne, cikin ƙasar Binin, garin duwatsu. Direbobi suna tsayawa nan sayen garin rogo da doya, amma ya ce bai taɓa jin direban da ya hau dutsen ba, don direba ba ya nisa da kayansa. Da sassafe muka hau, hazo na kwance a kan itatuwa, ga sanyi mai daɗi da ba irin namu mai fasa leɓe ba. Hawan ya ba ni wuya, gwiwoyina suna kuka, yatsana ya yi zafi saboda jan zobe, don kusan kowane taku tudu ne. Da muka kai wani fili a sama, ga gari can ƙasa, ga titi ya miƙe kamar zare, manyan motoci na rarrafe a kansa. Ya daɗe yana bin wata tirela da ido har ta ɓace.

"Na yi yaran mota sun fi goma," in ji shi, bai ko juyo ba. "Ba wanda ya kai ki kunne da ido."

Wannan shi ne yabo mafi girma da ya taɓa yi mini tun da aka kai ni gidansa, kuma da yaran mota aka haɗa ni. Na karɓa hannu biyu. Ina saukowa daga dutsen nan ina jin kaina kamar wadda ta ci gasa.

A Kwatano muka sauka wajen wani tsohon abokinsa a unguwar Zango, mutumin Maraɗi, wanda suka yi shekaru suna bin hanya tare kafin shi ya zauna can yana dillancin motoci. Wannan ne mutumin da maigidana ya fi jin tsoro, don ya san shi ciki da waje. Mun ci abinci lafiya, sun yi hira lafiya, sun je masallaci ina biye da su har bakin ƙofa wai ina neman mai sayar da lemo. Bayan la'asar muka ce za mu bakin teku. Abokin ya ce wallahi ƙafarsa ƙafarmu, ba za a ce matar amininsa ta zo garin ba shi ya kai ta ba.

Tun kafin in ga tekun na ji shi. Da muka fito daga cikin itatuwan kwakwa na gan shi, sai na tsaya na kasa ko salati. Duk labarin da aka ba ni bai kai rabi ba. Ruwa ne har inda sama ta sauko, yana tasowa fari fat yana faɗuwa da ƙara kamar ana juye tifar tsakuwa, ya ja da baya ya sake tasowa. Na yi tsaye baki buɗe kamar baƙauyiya, kuma baƙauyiyar ce.

Da na dawo hayyacina, mazan sun yi gaba suna hira, sun ba ni taku goma. Sai na hango igiya. Masunta ne ke jan koma daga cikin ruwa, sun yi layi can sama a kan yashi, igiyar mai kauri ta ratsa gabanmu daidai ƙwauri, tana saki tana ɗaurewa. Abokin yana ta ɓangaren tudu, ya ɗaga ƙafa zai tsallake ba tare da ya ko yi tunani ba. Maigidana yana ta ɓangaren ruwa, kansa a sama, idonsa a kan teku, ga ruwa kuma ya sake tasowa.

Na ƙwanƙwasa sau ɗaya. Ni kaina ban ji ƙarar ba. Na buga da ƙarfi har zoben ya shige mini nama. Duk gwajin da muka yi, a tsakar gida muka yi shi, inda ƙarar da ta fi kowace ita ce ta zakara. Ba wanda ya tuna cewa teku ba ya yin shiru. Na ƙwala kira, "Malam!" iska ta kwashe.

Ban san lokacin da na yar da langar ba. Na ruga, mayafi na bin iska, na cafki damtsensa da hannu biyu na fizgo shi baya. Igiyar ta ɗaure ta wuce gaban ƙafarsa, ruwa ya zo ya bugi gwiwoyinmu ya koma. Ga ni riƙe da mijina ƙam a gaban amininsa, a gaban masunta, a gaban duk wanda ke wurin.

Abokin ya dubi igiyar, ya dube ni, ya dubi maigidana, sannan ya kawar da kai yana gyaran hula. Na ji jikin Malam ya sandare. Na ce shi ke nan, na tona abin da na yi alkawarin rufewa, mutumin nan zai koma zaure har ya mutu, kuma ni ce sila. Na fara sassauta hannu zan koma bayana. Sai ya ɗora tafinsa a kan hannuna ya danne.

"Mutumina," ya ce wa abokin, da ƙarfi don ya rinjayi ƙarar ruwa, "ba baya ba ne. Idanu ne. Tun bara ba ni ganin gehe, ba ni ganin ƙasa."

Abokin ya matso ya ce, "To ƙaƙa kunka zo tun daga Jibiya? Na gan ka kana tahiya garau."

"Ita ta tuƙo."

Ya ba shi labarin langa da zobe. Abokin ya saurara yana share ido da hannun riga, wai gishirin teku ne. Ya je ya tsinto langar daga cikin yashi, ya kakkaɓe, ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Hajiya, wallahi da ni ke ba da lasin, yau da kin koma gida da na babbar mota."

Muka yi tafiya a bakin ruwan har rana ta yi ja, hannuna cikin nasa. Ina gaya masa abin da ke gefe, jirgin ruwa can dama kamar unguwa guda, mata na shanya ƙananan kifi a hagu, shi kuma yana juya kai yana nemo su ɗaya bayan ɗaya. Na ɗanɗana ruwan don in tabbatar da gishirin, ya yi mini dariya har da tari. Ban taɓa jin daɗi irin na yammacin nan ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Amma a hanyar dawowa raina bai kwanta ba. Kwatano nesa take, mutum ɗaya ne ya ji, kuma amini ne. Jibiya daban. Tun daga Doso Malam ya daina mita, ko direban bai yi wa gyara ba. Muka wuce Maraɗi, muka wuce Magama, idonsa na kan taga.

Ranar kasuwa muka iso, da azahar, tasha ta cika maƙil. Muka sauka, na ɗora jaka a ka, na ciro langa, na koma bayansa taku uku. Na duba hanya na ƙwanƙwasa sau biyu. Bai motsa ba. Na sake ƙwanƙwasawa, na ce a raina yau kuma kunnen ne ya tafi? Sai na ga ya miƙo hannunsa gefe, tafin a buɗe.

"Sa kwanon nan cikin jaka," in ji shi. "Ke nake jira."

Na kama. Muka ratsa tashar Jibiya a jere, tsakanin masu lodi da masu babura da 'yan ƙosai, ina jin idanu a jikina ta ko'ina, amma ban sunkuyar da kai ba. Ban nufi hanyar gida ba sai da na ji inda yake ja, ashe rumfar direbobi ya nufa. Hira ta tsaya cak. Tsofaffin abokansa suka bi hannayenmu da kallo.

Ya yi sallama ya ce, "Idanu ne sunka gaji, ba baya ba. Ku matsa mani in zauna."

Aka matsa. Wani ya kama shi ya zaunar, wani ya ƙwala wa mai shayi kira. Ya juyo inda yake jin ina tsaye ya ce in je gida in huta, in dawo in ɗauke shi kafin magariba.

Na tafi gida ni kaɗai, na buɗe ɗakuna, na share zauren, na ɗora tukunya. Da rana ta yi sanyi na yafa mayafi na koma tasha. Tun daga nesa nake jin muryarsa ta fi ta kowa, ana musu a kan wata hanya. Na tsaya a bakin rumfar na yi sallama. Ya ce in ɗan jira, ba su gama ba. Na samu benci na zauna.